Hawa Balan-balan Mai Tashi da Zazzafar Iska: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Kama Gurbi

Mutane da yawa suna ɗaukar hawa balan-balan kamar yankar tikitin jirgin sama: ka biya, a sa maka rana, ka zo ka tashi. A wannan harka iska ce ke sa rana, ita ce kuma ke zaɓar wurin sauka. Wanda ya san haka kafin ya fitar da kuɗinsa ya huta da ɓacin rai mai yawa. Ga tambayoyin da fasinjoji suka fi yi, da amsoshinsu.

Wai me ke ɗaga shi sama, tunda ba shi da inji ba shi da fiffike?

Zafi ne kawai. Iska idan ta yi zafi sai ta buɗe, ta fi wadda ke kewaye da ita rashin nauyi, sai ta nemi sama. Kayan kashi uku ne: babban buhun yadi na nailan da ke riƙe iskar, murhun gas da ke ɗumama ta, sai kwandon da mutane ke tsayawa a ciki. Gas ɗin furofen ne, yana cikin tukwanen ƙarfe da aka ɗaure a cikin kwandon. A ruwa yake fitowa daga tukunya, ya bi ta wani naɗaɗɗen bututu da ke kewaye da harshen wutar, zafi ya mayar da shi tururi, sannan ya kama da ƙarfi. Harshen wutar kan kai mita uku zuwa biyar. Yadin da ke bakin buhun, kusa da wutar, na musamman ne da ba ya saurin kamawa. Kwandon kuwa har yau saƙa shi ake yi da sandunan itace masu lanƙwasa, domin yana shanye bugun ƙasa lokacin sauka maimakon ya miƙa wa ƙashin mutum.

Dabarar tsohuwa ce. 'Yan'uwa biyu a Faransa, Joseph da Étienne Montgolfier, su suka fara ta a 1783, kuma ranar 21 ga Nuwamba na shekarar mutane biyu suka tashi a birnin Paris. Irin na yanzu mai nailan da furofen kuwa wani Ba'amurke, Ed Yost, ya fara tashi da shi a 1960.

Me ya sa kullum da asuba ake cewa a zo?

Saboda lokacin ne iska ta fi kwanciya. Cikin dare ƙasa takan huce, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta lafa. Da rana ta ɗaga ta fara gasa ƙasa, sai wasu wurare su fi wasu zafi: kwalta, dutse da busasshiyar gona sukan riga ciyawa da ruwa ɗauka. Daga nan zazzafar iska ke tashi sama gungu-gungu, mai sanyi na gangarowa a gefenta. Balan-balan da ya faɗa cikin wannan zai riƙa hawa da sauka ba da izinin matuƙi ba, har bakin buhun kan iya matsewa. Don haka ake tashi daidai fitowar rana, a sauka kafin ta yi ƙarfi. A wasu ƙasashe akwai tashin yamma, kamar awa biyu kafin faɗuwar rana, lokacin da ƙasa ta fara hucewa. A wurare masu zafi sosai da safe kaɗai ake yi. Duk kamfanin da ya ce zai ɗaga ka da tsakar rana don ya dace da jadawalinka, ka ja da baya.

Matuƙi yana iya juya shi zuwa inda yake so?

Ba shi da sitiyari. Hawa da sauka kaɗai ke hannunsa: ya buɗe wuta a hau, ya bar iskar ta huce ko ya ja igiyar murfin da ke can ƙololuwar buhun ya saki zafi, a sauko. Amma iska hawa-hawa take. Ta mita 100 na iya nufar gabas, ta mita 500 ta karkata kudu maso gabas. Gwanin matuƙi yakan hau ya sauko yana neman hawan da ke tafiya inda yake so. Shi ya sa kafin tashi za ka ga an saki ɗan ƙaramin balan-balan irin na yara, ma'aikata sun ɗaga kai suna binsa da ido har ya ɓace. Karatun iska suke yi.

A Albuquerque ta Amurka, inda ake babban taron balan-balan a cikin watan Oktoba, taron da aka fara a 1972, akwai safiyoyin da iskar ƙasa ke tafiya kudu ta sama kuma tana komawa arewa, har matuƙi ya iya dawowa kusa da inda ya tashi. Wannan ba kasafai ake samu a wasu wurare ba. Abin da aka saba shi ne a tashi nan a sauka can, motar ma'aikata tana bi ta ƙasa suna magana da matuƙi ta oba-oba. Saboda haka idan kamfani ya nuna maka hoton wani dutse ko wani kogi, ka fahimci cewa za a yi ƙoƙarin bi ta kansa ne, ba alkawari ba ne.

Me zan tambaya kafin in biya?

Da farko ka gano da wa kake magana. Shafuka da yawa a intanet dillalai ne: suna karɓar kuɗi su tura ka wurin duk kamfanin da ke da gurbi, ba su da balan-balan ko guda. Ba laifi ba ne, amma ranar da aka soke tashi za ka rasa wanda za ka kama, dillali ya tura ka wurin kamfani, kamfani ya mayar da kai wurin dillali. Ka nemi sunan kamfanin da zai ɗaga ka tun farko.

Sannan ka tambaya ko kamfanin yana da izinin ɗaukar fasinja daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, ko matuƙin yana da lasisin kasuwanci, da yawan sa'o'in da ya yi a sama da irin girman balan-balan ɗin da za ku hau. Wanda ya saba da kwandon mutum huɗu ba lallai ya iya da na mutum ashirin ba. Ka tambayi inshorar fasinja. Ka tambayi mutum nawa ne a kwando, minti nawa za a yi a sama, ko kuɗin ya haɗa da ɗauko ka da mayar da kai masauki. A ƙasashe da yawa doka ta sa a duba balan-balan duk shekara ko bayan awa 100 na tashi, har da jan yadin a gwada ƙwarinsa, domin zafi da hasken rana suna cin nailan a hankali. Kamfani na gari ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara kwana-kwana, ya riga ya ba ka amsa.

Ka kuma duba inshorar tafiyarka ta kanka. Wasu ba sa biyan raunin da aka samu a balan-balan sai an ƙara shi a takarda da sunansa.

Gari ya waye tangaran, ba hadari ba ruwa, amma an ce an soke. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi jawo rigima, kuma kusan kullum gaskiyar tana wurin matuƙi. Abin da mai tsaye a ƙofar otal yake gani daban, abin da ake aunawa daban.

Na farko, iskar ƙasa. Yawancin masu ɗaukar fasinja ba sa son ta wuce kilomita 13 zuwa 16 a awa. Wannan iska ce da za ta kaɗa ganyen bishiya kawai, mai tafiya a ƙasa ya ji daɗinta. Amma buhu mai tsayin mita 25 ko 30 faɗinsa yana tare iska ƙwarai, yana iya jan kwando da motar da aka ɗaure shi a jiki. Ba a kuma kallon iskar lokacin tashi kaɗai, ana kallon wadda za a tarar bayan awa guda, lokacin sauka. Iska mai bugowa tana tsayawa ta fi mai tafiya daidai wahala, ko da ta fi ta rauni.

Na biyu, iskar sama. Ƙasa na iya yin tsit alhali a mita 200 ko 300 iska tana gudu sosai. Da rana ta ɗumama ƙasa, sai wannan gudun ya sauko, ya tarar da ku kuna neman wurin sauka.

Na uku, inda iskar ta nufa. Ko da tana tafiya a hankali, idan ta nufi teku, ko tsakiyar birni, ko filin jirgin sama, ko dajin da ba fili ba hanyar mota, ba za a tashi ba. Rashin iska gaba ɗaya ma matsala ce, domin balan-balan na iya tsayawa cak a kan wurin da ba a iya sauka, gas yana ƙonewa.

Sai hazo da gajimare mai saukowa ƙasa. Matuƙi da idonsa yake tuƙi, dole ya ga ƙasa, ya ga wayoyin lantarki. Sai ruwan sama, wanda ke jiƙa yadi ya ƙara masa nauyi ya kuma sanyaya iskar ciki. Sai hadari mai tsawa, ko da yana nesa da kilomita masu yawa, domin iskar da yake turowa takan iso gabansa ba sallama.

A Kapadokiya ta Turkiyya hukumar sufurin jiragen sama ce ke yanke hukunci kowace safiya ga kamfanoni duka, idan ta hana ba mai tashi. A wasu wuraren hukuncin yana hannun matuƙi shi kaɗai. Ka tuna cewa kamfani asara yake yi duk ranar da ya soke, ga albashin ma'aikata ga man mota. Idan duk da haka ya soke, to lafiyarka ya zaɓa a kan kuɗinsa. Kada ka matsa wa matuƙi, kada kuma ka koma wurin wani kamfani da ya yarda ya tashi a safiyar da sauran suka ƙi.

Idan an soke, ina makomar kuɗina?

Ya danganta da abin da ka sa hannu a kai, don haka ka karanta kafin ka biya. A wuraren yawon buɗe ido, inda baƙo kwana biyu ko uku zai yi, an fi mayar da kuɗi duka ko a ba ka gurbin washegari idan akwai. A ƙasashe irin su Ingila kuwa an fi sayar da tikiti mai wa'adi, galibi shekara guda: idan an soke sai ka sake zaɓar rana, kuma tikiti mafi araha sau da yawa ba a mayar da kuɗinsa. Ba abin mamaki ba ne mutum ya sake rana sau uku ko huɗu kafin ya samu tashi. Ka tambaya ko ana tsawaita wa'adin idan yanayi ne ya hana.

Idan tafiya za ka yi musamman don wannan, ka kama gurbi a safiyar farko ta zamanka, ka bar sauran kwanakin a matsayin madadi. Wanda ya ajiye shi sai ranar ƙarshe, soke ɗaya ya raba shi da abin. Idan kuma kai ne ka makara ko ka fasa a ƙurarren lokaci, yawanci kuɗin ya tafi, domin ba a jiran mutum ɗaya rana tana fitowa.

Don me ake tambayar nauyina?

Don lissafi, ba don a kunyata kowa ba. Iskar cikin buhu ana kai ta wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, kuma ba a son ta wuce 120 saboda yadin. Idan iskar waje tana digiri 15, kowace mita kubik guda ta zazzafar iska, wato cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, tana ɗaga kimanin giram 280 ne kacal. Buhu mai cin mita kubik 3,000 zai ɗaga kusan kilo 840, a ciki kuma a cire nauyin yadi, kwando, murhu da tukwanen gas kafin a zo kan mutane. Idan safiyar ta yi ɗumi, iskar waje ta kai digiri 30, ƙarfin ɗagawar ya ragu zuwa wajen kilo 660. Bambancin ya kai nauyin manya biyu. Haka ma a wuri mai tudu sosai, inda iska ba ta da kauri.

To idan mutum biyar kowa ya rage kilo goma a abin da ya faɗa, matuƙi zai tashi da kilo hamsin da bai sa a lissafi ba. Zai ƙona gas fiye da ƙima, ya ƙara wa yadi zafi, kuma balan-balan ɗin zai yi jinkirin amsawa lokacin da ake bukatar ya tsallake bishiya. Ka faɗi nauyinka na gaskiya, da kayan jikinka. Wasu kamfanoni suna da sikeli a fili, wasu kuma suna ƙara kuɗi ko sa iyaka a wajen kilo 110 zuwa 120.

Wa ba a ɗauka?

Mai juna biyu, ko cikin ƙarami ne. Wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ciwon baya, gwiwa ko ƙugu mai tsanani, da mai raunin ƙashi. Dalilin duka ɗaya ne: sauka. Mai ciwon zuciya, farfaɗiya ko hawan jini da bai daidaita ba ya fara ganin likita, ya kuma gaya wa kamfani. Wanda ya sha abin maye ba a ɗaukarsa.

Yara kuwa yawancin kamfanoni sun sa shekara 6 zuwa 8, ko tsayin mita 1.2 zuwa sama. Bangon kwando ya ɗan haura mita ɗaya, yaron da bai kai ba ba zai ga komai ba, kuma haramun ne a ɗaga shi a hannu. Ƙarar murhu ma tana firgita ƙanana. Tsufa shi kaɗai ba ya hana: abin da ake so mutum ya iya tsayuwar awa guda, ya iya haura bangon kwando ta ramukan taka ƙafa da ke jikinsa, ya iya durƙusawa ya riƙe da ƙarfi. Akwai kwanduna masu ƙofa da kujera don masu keken guragu, amma ba ko'ina ba, sai an tambaya tun da wuri.

Yaya ranar take tafiya?

Da yammacin jajibiri za a turo saƙo ko a ba ka lambar da za ka kira don jin ko ana sa ran tashi. Wannan ba hukuncin ƙarshe ba ne, ana iya sokewa a fili bayan kowa ya hallara. Ana haɗuwa kamar awa guda kafin fitowar rana. Wurin tashin na iya canjawa a safiyar bisa inda iska ta nufa.

A fili za a kwantar da kwando a gefensa, a ɗaure shi da mota, a shimfiɗa buhun a ƙasa. Mutum biyu su buɗe bakinsa, a kunna babbar fanka mai inji ta cika shi da iska mai sanyi, wani ma'aikaci yana can nesa riƙe da igiyar ƙololuwa don kada ya yi ta lilo. Kada ka kusanci fankar, musamman da gyale ko rigar da ke kaɗawa, kada ka taka yadin, kada ka tsallake igiya. Idan ya cika sai matuƙi ya durƙusa a bayan murhu ya harba wuta a cikin bakin, cikin 'yan mintuna buhun ya miƙe tsaye ya ɗago kwandon. Duk wannan kan ɗauki minti 20 zuwa 30.

Sai a kira ku shiga da sauri, kowa a ɗakin da aka nuna masa, domin manyan kwanduna a rarrabe suke gida-gida, mutum uku zuwa biyar a kowane, matuƙi da tukwanensa a nasu. Za a nuna muku tsayuwar sauka a sa ku gwada. Tashin kansa ba ya da girgiza ko kaɗan, mutane da yawa sai sun ga mota ta ƙanƙance suke gane an bar ƙasa. A sama ana yin minti 45 zuwa awa ɗaya da kwata, amma daga ɗauko ka zuwa mayar da kai ka ware awa uku zuwa huɗu. Kada ka sa wani muhimmin alkawari da hantsi.

Me zan sa?

Takalmi sau-ciki mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, irin kambas ko but. Ban da silifas da mai tsini. Filin tashi da raɓa yake, na sauka kuma gona ce ko ciyawa, wani lokaci da taɓo ko ƙaya. Wando ya fi sauƙin haura kwando. Ka sa kaya hawa-hawa da za ka iya ragewa, domin sanyin yana ƙasa kafin fitowar rana. A sama ba a jin bugun iska tunda tare da ita ake tafiya, ga ɗumin murhu. Hula tana da amfani sosai, musamman ga dogo, don zafin wuta a ka yake sauka. Auduga ta fi yadin roba, wanda zafi ke narkarwa. Gyale da dogon gashi a ɗaure su tamau. Babbar jaka ta zauna a mota.

Ina tsoron bisa, kuma mota ma tana sa ni amai. Zan iya?

Tashin zuciya da wuya ya samu mutum a balan-balan, domin ba ya lilo ba ya tangaɗi. Masu tsoron bisa da yawa sukan ga abin ya zo da sauƙi fiye da leƙawa daga saman bene, saboda babu bango ko tsani da ke haɗa ido da ƙasa, kuma bangon kwando ya haura ƙugun mai matsakaicin tsayi. Ka gaya wa matuƙi tun a ƙasa, ka tsaya ta ciki, ka riƙa kallon nesa maimakon ƙarƙashin ƙafarka. Amma wanda tsoronsa kan kai ga firgita har ya rasa natsuwa ya yi tunani sosai, domin ba a tsayawa a sauke mutum a hanya. Zai iya fara gwada irin wanda ake ɗaurewa da igiya, ya hau mita kaɗan ya sauko cikin 'yan mintuna.

Tsayi nawa ake kaiwa, nisa nawa ake yi?

Galibi tsakanin mita 300 da 900, tare da saukowa dab da kan bishiyoyi a wasu wuraren don a ga ƙasa da kyau. Nisa kuwa iska ce ke yankewa, daga kilomita biyar zuwa ashirin da wani abu. Idan an bi ta kan dabbobi, kamar a Masai Mara ta Kenya ko Serengeti ta Tanzaniya ko kan garken wani manomi, matuƙi yakan koma kan wani famfon murhu mai ƙaramar ƙara don kada su firgita.

Yaya sauka take? An ce nan ne wahalar.

Nan ne kaɗai fasinja ke da aikin yi, kuma nan ne aka fi samun rauni: targaɗe, karayar idon sawu, buguwar baki. Wasu daga rashin bin umarni suke fitowa.

Idan matuƙi ya ce a shirya, ka ajiye waya da kyamara cikin aljihu ko cikin riga. Ka juya bayanka ga inda ake nufa, ka jingina bayan da bangon kwando ko abin da aka shimfiɗa a jikinsa, ka haɗa ƙafafu, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka kama igiyoyin riƙo da ke cikin kwandon da hannu biyu. Kada ka zauna daɓas a ƙasan kwando, domin bugun zai hau kashin bayanka kai tsaye. Kada ka miƙe gwiwa ta sandare. Kada ka fitar da hannu ko kai waje, kada ka riƙe bakin kwando, kada ka taɓa bututun gas ko jar igiyar da matuƙi ke sakin iskar buhun da ita. Wasu kwandunan tsayuwarsu ta ɗan bambanta, abin da matuƙinka ya nuna shi za ka bi.

Idan iska a kwance take, kwando zai taɓa ƙasa a hankali ya tsaya a tsaye. Idan tana da ɗan gudu, zai bugi ƙasa, ya yi tsalle sau ɗaya ko biyu, ya kwanta a gefensa, buhun ya ja shi mita goma ko ashirin ko fiye kafin iskar ta fice. Ku kuma kuna kwance rigingine a ciki, ƙura da ciyawa suna shigowa. Wannan sauka ce da aka saba, ba hatsari ba ne, don ita aka ƙera kwandon haka. Bugu na biyu yakan fi na farko kama mutane, saboda sun saki igiya suna zaton an gama.

Doka mafi girma: kada ka fita sai matuƙi ya ce ka fita. Buhun yana da sauran zafi. Mutum ɗaya mai kilo 80 idan ya dire, kwandon ya yi sauƙi nan take, yana iya sake tashi da sauran mutane, ko ya bi ta kan wanda ya fita.

Idan gas ya ƙare ko wuta ta mutu fa? Abin yana da hatsari?

Ana ɗaukar gas fiye da na tafiyar, kuma murhu biyu ne ko fiye, kowane da tukunyarsa da bututunsa, idan ɗaya ya ƙi ɗaya na aiki. Matuƙi yana da abin ƙyasta wuta na hannu, da tukunyar kashe gobara. Ko da wuta ta mutu duka, buhun ba ya faɗowa kamar dutse, yana riƙe iska yana saukowa da gudun kimanin mita huɗu zuwa biyar a daƙiƙa. Sauka ce mai zafi da za ta iya karya ƙafa, amma ba faɗuwa ba ce.

Manyan hatsarori sun faru, kuma bai kamata a ɓoye su ba. A Carterton ta New Zealand a 2012 mutum 11 suka rasu bayan balan-balan ya bugi wayoyin lantarki. A Luxor ta Masar a 2013 gobarar gas ta kashe mutum 19. A kusa da Lockhart ta jihar Texas a 2016 mutum 16 suka rasu, nan ma wayoyin lantarki ne, a safiya mai hazo da gajimare a ƙasa-ƙasa. Bayan wannan ne Amurka ta wajabta wa matuƙan balan-balan na kasuwanci takardar shaidar lafiya daga likita. Abubuwan da ke maimaituwa su ne wayoyin lantarki, yoyon gas, da matuƙin da ya tashi a yanayin da ya kamata ya haƙura. Shi ya sa zaɓen kamfani ya fi komai nauyi a cikin abin da ke hannunka. A sama kuma idan ka hango waya a gaba lokacin da ake ƙasa-ƙasa, ka faɗa da ƙarfi ko da kana zaton matuƙi ya gani. Idan ka ji warin gas da bai wuce ba, shi ma ka faɗa. Taba sigari kuwa ba a kunna ta ko a kusa da fili.

Kwando babba ko ƙarami, wanne ya fi?

Na mutum 16 zuwa 24 ya fi araha, kuma nauyinsa na sa shi zama daram, amma akwai matsi, kafaɗa da kafaɗa. Matuƙi yakan juya buhun da wasu igiyoyi na gefe don kowa ya samu ganin ko'ina. Na mutum biyu zuwa shida ya fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai akwai sarari da damar yin magana da matuƙi. Idan an rubuta cewa tashin na ku kaɗai ne, ka tabbatar kwandon duka ake nufi, ba ɗaki ɗaya a cikin babban kwando ba.

Waya, kyamara, bayan gida?

Ana ɗaukar hoto, amma ka sa wa wayar igiya a wuyan hannu, abin da ya faɗi ya tafi. Babu bayan gida a kwando, sau da yawa babu a fili ma. Ka rage shan ruwa da shayi, ka kewaya kafin a baro masauki. Ka ɗan ci wani abu mara nauyi, domin tsayuwar awa guda da yunwa kan kawo jiri.

Bayan an sauka sai me?

Motar ma'aikata za ta iso, wani lokaci bayan sun nemi izinin mai gonar kafin su shiga. A matse iskar daga buhun, a naɗe shi a cusa cikin jakarsa, a ɗora kwando a tirela, aikin minti 20 zuwa 30 ne kuma ana maraba da hannun fasinja. Ka kula da shukar mutane, ka rufe duk ƙofar shingen da aka buɗe. Kamfanoni da yawa suna da al'adar raba giyar shamfen bayan sauka, tare da takardar shaidar tashi. Wanda ba ya sha ya faɗa tun lokacin kama gurbi, za a tanadar masa lemo. Daga nan a mayar da ku wurin da aka haɗu ko masauki.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa a kama gurbi?

Kowane wuri da nasa. A Ingila daga wajen Afrilu zuwa Oktoba ake tashi. A Bagan ta Myanmar lokacin rani ne, daga Oktoba zuwa wajen Afrilu, a daina idan damina ta kusa. A Kapadokiya ana tashi duk shekara, amma sokewa ta fi yawa a hunturu, gurbi kuma ya fi wuyar samu daga bazara zuwa kaka, har sai an kama da makonni kafin zuwa. Ka tambayi kamfanin kai tsaye: a watan da nake son zuwa, safiya nawa cikin goma kuka saba tashi? Da amsar za ka san yawan kwanakin madadi da za ka ware.